Amsar Gwaggo a kan addu'ar alheri

'Yata, da na ga saƙonki sai da na yi dariya, can kuma jikina ya yi sanyi. Kin ce ƙawarki Musulma ta ji kuna rufe taro da "alherin Ubangiji Yesu Almasihu, da ƙaunar Allah, da zumuntar Ruhu Mai Tsarki", ta tambaye ki ko alloli uku muke bauta wa, ke kuma kika ce mata ai kamar ruwa ne da ƙanƙara da tururi. Yanzu kina tambayata me ya sa kullum sai mun ambaci ukun nan. Wa ya koya miki zancen ƙanƙara? Na san a waya kika tsince shi.

Mu lokacinmu, babanmu yana aiki a masaƙa a Kakuri, shekara guda cur muka yi a ajin baftisma. Malaminmu wani tsoho ne Bazazzagi, Littafinsa tsohon juyi ne na 1932, wanda Likita Miller na Wusasa ya sha aiki a kansa. Ayar da ya fara sa mu haddace tana cikin Kubawar Shari'a, wanda ku kuka sani da Maimaitawar Shari'a, 6:4, inda aka ce Ubangiji Allahnmu ɗaya ne. Sai da ta zauna mana daram ya yarda muka ci gaba. Wata rana wani yaro ya ce ya gane, kamar duwatsun murhu ne guda uku. Tsohon ya girgiza kai ya ce, "Kowane dutse sulusin murhu ne. Uba kuwa ba sulusin Allah ba ne, cikakken Allah ne, haka Ɗa, haka Ruhu." Yakan ce ba a auna kogi da ludayi.

Ranar da aka yi mana baftisma, cikin Disambar 1969, hazo ya rufe gari, sanyi har ƙashi. Da sassafe muka gangara Kogin Kaduna a ƙafa, ruwa ya janye, duwatsu sun fito. Matan zumunta suna gaba suna buga tulu suna waƙa, innarmu ta rungume zanen da zan canza. Ni kuwa ban da kada ba abin da nake tunani. Fasto ya tsaya cikin ruwa har ƙugu, haƙoransa na kaɗawa, amma sai da ya sa aka karanta Matiyu sura 3: Yesu yana fitowa daga Kogin Urdun, Ruhu yana sauka kamar kurciya, muryar Uba tana fitowa daga sama. Ya ce, "Ku lura, a lokaci guda ne." To kin ga inda ƙanƙararki ta narke? Ita ruwa ne ya sauya kama, Uba kuwa bai rikiɗe ya zama Ɗa ba. Da layi ya zo kaina ya dafa mini keya ya ce, "Da sunan Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki." Na fito ina shaƙar iska, innarmu ta lulluɓe ni tana kuka, ta raɗa mini, "Kin ji ko? Suna ya ce, bai ce sunaye ba." Ita da ba ta taɓa shiga aji ba.

Gardamar nan ta girme mu duka. Tun shekara ta 325 shugabannin ikkilisiya suka taru a birnin Nikiya saboda wani malamin ikkilisiya mai suna Ariyus ya ce Ɗa, wato Yesu, halitta ne, suka tsaya a kan cewa haifaffe ne, ba halitacce ba. Ki kuma faɗa wa ƙawarki da ladabi, in mun ce Ɗa ba ma nufin Allah ya yi aure. Mu ma wannan saɓo ne a wurinmu.

Abin da ke damuna, yanzu wata uku an gama ajin, addu'ar alheri kuma kuna zuba ta da gudu kuna neman takalma. Ga shi tun rikicin 2000 kogin nan da aka tsoma ni ya zama kamar iyaka, maƙwabtan da suke aiko mana da naman Sallah sun koma tsallake. Saboda haka yarinyar nan da ta tambaye ki ido da ido, ki riƙe ta da kyau. Ki zo da ita ran Asabar in yi muku tuwon masara da miyar karkashi, sauran maganar ba ta waya ba ce.