Amsa ga mai tambayar yadda ake rubuta ligatura ta tsofaffin waƙoƙin Turai a manhaja

Ɗan'uwa, barka da ƙoƙari. Ka ce kana kwafe wata waƙa mai muryoyi uku daga hoton Kundin Montpellier, wato tsohon littafin waƙoƙin nan na rubutun hannu da ke ajiye a Faransa, kana aiki da manhajar rubuta waƙa ta MuseScore, kuma ka rasa yadda za ka fitar da alamomin nan da ake haɗe sauti biyu ko uku ko fiye a jiki ɗaya, wato ligatura, har ka fara ɗora musu lanƙwasasshen layin da aka saba gani a rubutun waƙa na zamani. Na daɗe ina shirya irin waɗannan waƙoƙi domin mawaƙa da ɗalibai, don haka bari in gaya maka abin da aikin ya nuna mini.

Da farko ka cire lanƙwasasshen layin nan. Mawaƙin yau idan ya gan shi zai ɗauka ana ce masa ya ja sautukan a numfashi ɗaya ba tare da yankewa ba, alhali ligatura ba wannan take faɗa ba. A rubutun ƙarni na 13 siffar ligatura ita ce ke gaya wa mawaƙi tsawon kowane sauti da ke cikinta, kuma wanda ya tsara ƙa'idar a fili shi ne Faranko na birnin Kolon, a littafinsa Ars cantus mensurabilis na wajen shekarar 1280. Wanda ya yi karatun allo zai gane abin da sauri, domin kamar yadda harafin Larabci ke sauya kama gwargwadon ko yana farkon kalma ko tsakiya ko ƙarshe, haka ƙimar sauti a ligatura ta dogara ga inda ya zauna a cikinta da kuma siffar da aka ba shi a wurin.

Ga yadda ake karantawa. Idan sauti na biyu ya sauka ƙasa da na farko, kuma akwai wutsiya mai duban ƙasa a gefen hagu, to na farkon birebis ne, wato gajere. Idan babu wutsiyar, longa ne, wato dogo. Idan kuwa na biyu hawa ya yi, lamarin sai ya juya: marar wutsiya shi ne birebis, mai wutsiya mai duban ƙasa shi ne longa. Wutsiyar da ta dubi sama a gefen hagu tana nufin sautuka biyun farko semibirebis ne, wato waɗanda suka fi birebis gajarta, ko hawa suka yi ko sauka. Na tsakiya duk birebis ne. Na ƙarshe kuma, idan ya sauko a siffar murabba'i longa ne, idan ya sauko a ƙarshen karkataccen zanen nan mai kama da sanda a jingine birebis ne. Idan ya hau ya zauna daidai bisa kan wanda ya gabace shi longa ne, idan ya juya ya fuskanci dama birebis ne. Kada ka manta cewa karkataccen zanen sautuka biyu kawai yake nunawa, na inda ya fara da na inda ya ƙare, duk layukan da ya ratsa a tsakani ba a rera su. A nan ne na fi ganin ɗalibai suna tuntuɓe.

Kafin ka ɗora wannan ƙa'ida a kan waƙarka, duba daga wane sashe na kundin ta fito. Sassan ƙarshe na Montpellier sun fi bin tsarin Faranko, amma na farko sun fi kusa da tsohon tsarin cocin Notre Dame ta Faris, na zamanin masu tsara waƙa Leonin da Perotin, inda ba siffar ligatura ɗaya ake dubawa ba, jerinsu ake dubawa. A can, ligatura mai sauti uku da ta biyo da masu bibbiyu tana nuna salon kari na farko, dogo da gajere, dogo da gajere. Masu bibbiyu da suka ƙare da mai uku suna nuna salo na biyu, gajere da dogo. Kuma da yake ba a haɗa sauti iri ɗaya sau biyu a jere cikin ligatura, duk inda waƙa ta maimaita sauti sai jerin ya karye, mai karatu ya cike da fahimtarsa. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa nake ganin wajibi ne mai kwafe ya nuna inda kowace ligatura ta fara da inda ta ƙare, domin tsawon da ka rubuta fassararka ce, kuma wanda zai zo bayanka yana da haƙƙin ya ga hujjar da ka dogara da ita.

Yanzu ga manhaja. Idan mawaƙa za ka bai wa su rera, rubuta da alamomin zamani, sa'an nan ka ɗora miƙaƙƙen layi mai ƙugiya a gefe biyu bisa sautukan da suke ligatura ɗaya a asali. Wannan ita ce al'adar masu buga tsofaffin waƙoƙi, kuma duk wanda ya saba da fannin zai gane ta nan take. A MuseScore ka ɗauko layi daga rukunin layuka, ka sa masa ƙugiya mai duban ƙasa a farko da ƙarshe, ka ajiye shi a rukuninka na kanka domin kada ka riƙa sake gyarawa. Manhajojin Sibelius da Dorico ma suna da irin wannan layi. Abin da za ka kiyaye shi ne ka maƙala layin ga sautin farko da na ƙarshe, kada ka ja shi da hannu zuwa inda ido ya ga ya dace, domin da zarar shafi ya sake tsari layin da aka ja da hannu zai kauce daga wurinsa. Idan nan gaba ka shiga waƙoƙin ƙarni na 14 inda ake samun jajayen alamomi, kamar yadda suke a kundin Fauvel, su ana nuna su ne da kusurwa biyu da ba a haɗe ba, don kada a rikita su da ligatura.

Idan kuwa siffar asali kake son fitarwa, to MuseScore ba wurinta ba ne. Gaskiya ne cewa a cikin babban rumbun alamominta akwai murabba'ai da karkatattun zane na tsohon rubutu, saboda tsarin alamomin waƙa na SMuFL da salon alamomi na Bravura sun tanade su, kuma za ka iya ɓoye alamomin zamani ka lilliƙa waɗannan a kansu. Domin misali ɗaya a takardar darasi wannan ya wadatar. Domin waƙa sukutum ban yarda da shi ba ko kaɗan, saboda manhajar ba ta san abin da ka liƙa ba, hoto kawai take gani, kuma ranar da ka tura fayil ɗin zuwa wata manhaja ta hanyar MusicXML, wato tsarin fayil na musayar waƙa tsakanin manhajoji, da wuya aikin ya isa can yadda ka bar shi.

Manhajar LilyPond ce na fi amincewa da ita, domin a cikinta ana kewaye sautukan da \[ da \] ne kawai. A muryar da aka saba sai ta fitar da layi mai ƙugiya, idan kuma ka sa rubutun nan ɗaya a cikin MensuralVoice, wato muryar da ta tanada domin tsohon rubutu, sai ta zana ligatura da kanta bisa tsawon da ka bai wa kowane sauti. Ke nan daga fayil guda kana samun bugu biyu. Amfaninta na biyu shi ne tana yin gargaɗi idan ka haɗa abin da ƙa'ida ba ta yarda da shi ba, kamar semibirebis guda ɗaya tak a farko. Sai dai akwai abubuwan da za ka yi da kanka. Siffar da take zanawa ta farin rubutu ce, wanda ya yaɗu daga tsakiyar ƙarni na 15, don haka ba za ta yi daidai da baƙaƙen murabba'an Montpellier ba. Ita tana lissafa longa a matsayin birebis biyu, alhali cikakkiyar longa ta Faranko uku ce, kuma longar tana komawa biyu idan birebis guda ya biyo ta, kamar yadda na biyu cikin birebis biyu da ke tsakanin longa da longa yake ninkuwa. Duk wannan sai ka lissafa ka rubuta da hannu kafin muryoyin su haɗu daidai. Haka kuma sai ka yi amfani da \melisma domin gaɓar kalma ɗaya ta tsaya a ƙarƙashin ligatura baki ɗayanta. Tazarar da take bari bayan ligatura ma takan buƙaci gyara.

Wanda aikinsa na bincike ne ya dubi MEI, wato tsarin adana rubutun waƙa a kwamfuta, inda ligatura take da gurbinta na musamman har da bayanin ko murabba'i ce ko karkatacciya, manhajar Verovio kuma tana nuna ta a allon kwamfuta. Waƙar coci mai murya ɗaya manhajar Gregorio ce ta fi dacewa da ita. Manhajar Finale kuwa kada ka fara sabon aiki a kanta, tunda an daina ci gaba da ita a 2024.

Da ni ne a matsayinka, zan zauna a MuseScore in yi bugun zamani da layuka masu ƙugiya, in sa hoton layin farko na kowace murya daga kundin a gaban waƙar, in kuma rubuta a ƙasan shafi da wace alamar zamani na musanya longa. Ka faɗa mana lambar shafin da waƙar take a kundin, domin mu san ko ƙa'idar Faranko za ta yi maka aiki ko sai mun koma ga lissafin jeri.