Kun Tambaya, Mun Amsa: Littafi Ɗaya ga Dukkan Sabbin Ɗalibai

Wasiƙun wannan wata sun taru kan tsarin da wasu manyan makarantu ke son gwadawa, na zaɓar littafi guda a ce duk ɗan aji ɗaya ya karanta, ko likitanci ya zo yi ko Larabci, sannan a zauna a tattauna. Mun zaɓi biyar daga ciki.

TAMBAYA: An sa ni cikin kwamitin da zai tsara wannan karatu a kwalejin da nake koyarwa. An ce daga Amurka aka kwaikwayo shi. Ta ina za mu fara, kuma yaushe ya kamata a yi? (Wata malama daga Arkilla, Sakkwato)

AMSA: Malama, Allah ya taya ki riƙo. Gaskiya ne jami'o'in Amurka da yawa na yin haka: suna sanar da littafin tun ɗalibi yana gida, ya karanta a hutun da ke gabanin buɗe makaranta, a tattauna a makon tarbar sabbin ɗalibai. Kada ku ɗauko wannan jadawali yadda yake. A nan sunayen waɗanda suka sami gurbi kan fito kashi-kashi, wani ya gama rajista har ya san hanyar masallaci da wurin mai shayi, wani ko takardarsa bai karɓa ba. In kun ɗaura karatun a kan makon wayar da kai, 'yan kashi na biyu da na uku sun rasa ke nan. Ku fara a mako na uku ko na huɗu na zangon farko, ku gama cikin mako shida, kafin gwaje-gwajen tsakiyar zango su ɗauke hankalin kowa.

Kuma abin ba baƙo ba ne a Sakkwato. Duk wanda ya zauna a zaure ya ɗauki Ahalari ko Ishmawi ya san yadda ake bin littafi tun daga bisimilla har sauka: a ɗauki ɗan kaɗan, a koma a yi bita, gobe a dawo a ɗora. Jajin 'Yan Taru, wato malamai mata da Nana Asma'u ta horar, su ma haka suka riƙa kai waƙoƙinta ƙauyuka, mata su zauna su koya tare. Abin da ya raya waɗannan karatuttuka shi ne ƙaramin zama da ake yi a kai a kai, shi ne kuma kwamitoci suka fi mantawa da shi. Sai a kashe kuɗi a babban taro guda, a cika ɗaki da mutum dubu, babban baƙo ya yi jawabin awa biyu, a raba lemo a watse, ba wanda ya buɗe littafin.

Ga lissafin da za ki kai wa kwamiti. A ce kuna da sabbin ɗalibai 1,500. Ku raba su rukunin mutum 15, kun sami rukuni 100. Kowane jagora ya riƙe biyu, kuna buƙatar jagorori 50. Malamai ba za su isa ba, ba su ma da lokacin, don haka ku ɗebo daga 'yan aji uku da aji huɗu, malami ɗaya ya sa ido a kan jagorori goma. In rukuni ya haura 20, mutum huɗu masu baki ne za su riƙa magana, saura su duƙufa a waya. Ku gauraya sassa da gangan, ɗan kimiyya da ɗan tarihi a tabarma ɗaya, domin rabin amfanin abin shi ne sabon ɗalibi ya san wani wanda ba ɗan ajinsu ba.

Zama kada ya wuce minti 50, sau ɗaya a mako. Bayan La'asar ya fi, musamman daga Maris zuwa Mayu da zafin Sakkwato kan haura digiri 40, amma a tashi da sauran rana saboda masu neman mota zuwa cikin gari, mata musamman. A bar Juma'a da Lahadi. In zangon ya faɗo cikin azumi, a mayar da zaman safe.

Jagora ba lacca zai yi ba. A horar da shi na yini guda a kan abu uku: ya zo da tambaya uku kacal da ba a amsa su da i ko a'a, ya sa wani ya karanta sakin layi ɗaya da ƙarfi a farkon zama, kuma in ya yi tambaya aka yi tsit ya ƙirga goma a zuci kafin ya sake buɗe baki. Wannan na ƙarshe ya fi wuya, yawancinsu da sun ji shiru sai su amsa wa kansu.

TAMBAYA: Mun yi ta gardama a kwamiti kan harshe. Wasu sun ce dole na Turanci tunda da shi ake koyarwa, wasu sun ce na Hausa. Wane littafi za mu ɗauka? (Wani malami daga Runjin Sambo)

AMSA: Malam, kafin harshe ku fara duba tsawo. Shafi 100 zuwa 150 ya isa. In shafi 120 ne, mako shida ya zama shafi 20 a mako, wanda ke karatu a hankali ma, a ce minti huɗu kowane shafi, zai gama cikin awa ɗaya da minti ashirin. Littafi mai shafi 400 kuwa, komai daɗinsa, a babi na uku za a binne shi.

Batun harshe, kowane ɓangare na da hujja. Ɗalibin da ya fito daga makarantar da Turancinsa bai nuna ba yakan yi shiru a zama, ba don ba shi da tunani ba, don tsoron dariya. A ɗaya gefen, makaranta irin Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da aka kafa a 1975, ɗalibanta daga ko'ina a ƙasar nan suke, wanda ya zo daga Ilori ko Inugu bai zo don a ware shi ba. Mafita mafi sauƙi ita ce littafin da ke da bugu a harsuna biyu. Misali, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Turanci a 1967. Gajere ne, kuma batun bauta da rabuwar uwa da ɗa da ke cikinsa zai iya riƙe zama shida ba tare da jagora ya yi ta jan mutane da igiya ba. In na Turanci zalla kuka ɗauka, ku halatta tattaunawa da harshen da ɗalibi ya fi sakewa, na kusa da shi ya fassara wa wanda bai ji ba.

Yadda za a zaɓa: kwamitin mutum bakwai, biyu daga ciki ɗalibai, ɗaya ma'aikacin laburare. A tace zuwa littafi uku. A ba ɗalibai goma 'yan aji biyu shafi 20 na farkon kowanne, a dawo bayan mako a tambaye su wanne suka ƙosa su ga ƙarshensa. Sharaɗi biyu kuma: duk ɗan kwamitin da bai karanta ukun nan duka ba, ba shi da ƙuri'a, kuma kada a ɗauki littafin da wani malamin makarantar ya rubuta. Ko da ya fi kowanne kyau, ɗalibai za su ce handawut ne aka sake wa riga.

TAMBAYA: Mu fa mun riga mun yi irin wannan a JAMB, aka ce mu karanta labari, muka sayi taƙaitawa da tambayoyin baya muka ci. In babu maki, me zai sa in ɓata lokacina? In akwai maki, ai taƙaitawa ta ishe ni. (Wani ɗan aji ɗaya daga Mabera)

AMSA: Samari, ka faɗi abin da abokanka da yawa ke ɓoyewa. Littafin JAMB ana gwada shi ne da tambayoyin zaɓi, wa ya ce kaza, a wane gari aka yi kaza, shi ya sa taƙaitawa ke biyan buƙata. Duk makarantar da ta auna wannan karatu da irin waɗannan tambayoyi ta buɗe wa masu shagon hotokwafi sabuwar kasuwa ce kawai.

Shawararmu ga masu tsarawa ita ce a sa maki, amma kaɗan, kamar 10 daga cikin makin aikin zango na kwas ɗin GST, wato darasin bai-ɗaya da kowa ke yi a aji ɗaya. Biyar na halarta, wanda ya zo zama biyar cikin shida ya cinye su. Biyar na rubutun shafi ɗaya da hannu, a yi shi a zaman ƙarshe a gaban jagora: ka zaɓi wuri ɗaya a littafin, ka faɗi lambar shafin, ka ce ka yarda da abin da mutumin ya yi ko ba ka yarda ba, da dalili. A bar shi ya zama aikin gida, manhajar waya ce za ta rubuta. Kai kuma abin da za ka samu ya wuce makin: kafin ka kai aji huɗu za a sa ka tsaya gaban malamai ka kare aikinka, gara ka fara koyon hakan a gaban mutum 14 da ba mai kayar da kai a cikinsu.

TAMBAYA: 'Yata ta samu gurbi bana. Ina tsoron a tilasta mata karanta abin da ya saɓa wa addini da tarbiyyar gidanmu. Ina da ta cewa? (Wani uba daga Gawon Nama)

AMSA: Alhaji, kana da ita, kuma irin wannan damuwa ba a nan kaɗai take ba. A 2002 Jami'ar Carolina ta Arewa da ke Amurka ta zaɓar wa sabbin ɗalibanta littafin Michael Sells mai ɗauke da fassarar wasu gajerun surorin Alƙur'ani. Wata ƙungiyar Kirista ta kai ƙara, kotu ta ƙi dakatar da tattaunawar, jami'ar kuma ta bar wanda ba ya son karantawa ya rubuta dalilinsa a maimako. Makarantunmu su ɗauki abu biyu daga nan: a sanar da sunan littafin da dalilin zaɓarsa wata guda kafin a fara, kuma a tanadi littafi na biyu ga mai uzuri na gaskiya. Kai ma ka nemi kwafi ka karanta da kanka, kada ka tsaya ga shafi ɗaya da aka ɗauki hotonsa ake yawo da shi a WhatsApp.

TAMBAYA: Ba mu da kuɗin saya wa kowa. Laifi ne mu yi hotokwafi ko mu tura littafin ta waya? (Ma'aikaciyar laburare daga Tudun Wada)

AMSA: Hajiya, laifi ne in ba da izini ba. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, littafi na ƙarƙashin kariya har shekara 70 bayan rasuwar marubucinsa. Tafawa Ɓalewa ya rasu a 1966, Abubakar Imam a 1981, ke nan tsufan littattafansu bai mayar da su na kowa ba tukuna. Fassara ma tana da nata haƙƙin daban, ko da asalin rubutun ya kai shekara ɗari biyu.

Ba dole kowa ya mallaki kwafi ba. Kwafi ɗaya ga mutum uku ya wadatar: biyar a kowane rukuni, 500 ga ɗalibai 1,500, ki ƙara 50 saboda ɓata da yagewa. Kowane ɗalibi ya riƙe kwana biyu ya miƙa, jagora na da takardar da ake sa hannu. Ku rubuta wa kamfanin da ya buga littafin kai tsaye, ba ɗan kasuwa ba, wata huɗu kafin lokaci, ku nemi ragin sari, ku kuma tabbatar suna da adadin a ajiye. Abin da ya fi rusa shirin nan shi ne a sanar da littafi sannan a gano bugunsa ya ƙare. In kuna son na waya, ku nemi izini a rubuce, amma ku sani shafin da aka ɗauka da kyamara wahalar karantawa gare shi a ƙaramin allo, ga matsalar caji a ɗakunan kwana.

Ki buga hatimi da lamba a kowane kwafi, a naɗe bangon da leda mai kauri, a karɓe su a zaman ƙarshe kafin a shigar da makin ɗalibi. Ku riƙe littafi ɗaya shekara biyu ko uku kafin ku canza, kuɗin sayen ya rabu, waɗanda suka karanta bana kuma su ne za ki ɗebo jagorori daga cikinsu in sun kai aji uku.