Alfa ya kai 0.91: takardar tambayoyina ta inganta ke nan?

Tambaya: Malam, ina jagorantar zaman jinya na rukuni ga masu fama da damuwa. Na tsara tambayoyi 20 don auna kyawun alaƙar da ke tsakanin mahalarta. Mutum 60 daga rukuni 6 suka cike, ma'aunin alfa ya ba ni 0.91. Zan iya cewa ta inganta?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari, amma da sauran rina a kaba. Ma'aunin alfa, wanda masani Lee Cronbach ya fitar a 1951, abu ɗaya yake shaidawa: tambayoyinki na tafiya tare. Bai ce alaƙa suke aunawa ba. Karkataccen sikeli ma kullum lamba ɗaya yake bayarwa.

Fara da tambayar kanki: alaƙar wa da wa? A zaman rukuni akwai ta mahalarci da jagora, da tasa da ɗan'uwansa, da kuma tasa da rukunin baki ɗaya. Binciken da Jennifer Johnson da Gary Burlingame da abokan aikinsu suka wallafa a Amurka a 2005 ya raba ingancin alaƙar gida uku: shaƙuwa, haɗa kai a kan aiki, da tsamin dangantaka. A kan wannan aka gina wata takarda mai tambayoyi 30. Ki ɗauki misalin mutumin da ke sakin jiki idan ke kike magana, amma da zarar na kusa da shi ya buɗe baki sai ya sunkuyar da kai ya harɗe hannu. Jimillar maki ɗaya za ta ɓoye shi, alhali irinsa ne ke daina zuwa ba sallama. Don haka a yi wa amsoshin nazarin lissafi, a ga ko sun rabu yadda kika zata.

Abin da ya fi damuna shi ne adadin nan. Mutum 60 ɗinki ba shaidu 60 ne masu zaman kansu ba. Waɗanda suka zauna ɗaki ɗaya, suka ga gardama ɗaya, amsarsu za ta yi kama. Idan lissafin bai kula da wannan ba, sakamakon zai yi kyan da bai kai ba. Ƙarin rukunoni masu jagorori daban-daban ya fi miki amfani a kan cusa mutane cikin waɗanda ake da su.

Sannan ki ba mahalarta takardarki tare da wadda aka riga aka gwada, kamar ta auna yanayin rukuni ta wani masani mai suna MacKenzie, mai tambayoyi 12, ki ga ko sun yi daidai inda ya kamata. Ki bi sawu kuma: masu ƙaramin maki a farkon zama, su ne ke janyewa daga baya?

Ina roƙonki kada ki karɓi takardun da hannunki. Wanda kika zauna kika saurari kukansa zai ji nauyin rubuta cewa bai yarda da ke ba. Wani daban ya tattara, a cikin ambulan, ba suna, sai lambar sirri don bin sawu.