Amsa ga 'yar'uwar da ke riƙon ɗan yayanta a Ontariyo

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba ki ladan riƙo. Kin ce yaron shekararsa 15, yana sakandaren Katolika, ya faɗa miki da bakinsa cewa maza zuciyarsa ke so, yara sun sa shi gaba da tsokana har ya fara ƙin zuwa aji. Kina tambaya ko makarantar za ta kore shi in ta ji, ko kuwa ki cire shi tun da wuri, wasu kuma suna ce miki a mayar da shi gida a gyara shi. Ni 'yar Katolika ce daga kudancin Kaduna, na daɗe ina aikin taimaka wa malamai a irin waɗannan makarantu a nan, shi ya sa na ce bari in sa baki.

Ba za a kore shi ba. Makarantun Katolika na jihar Ontariyo a nan Kanada da kuɗin gwamnati suke tafiya, dokar jiha ta hau kansu kamar kowace makaranta. Tun 2012 aka yi dokar da ta wajabta musu hana cin zali, ta kuma ce idan ɗalibai suka nemi kafa ƙungiyar da ke haɗa irin yaronki da abokansu, wadda ake kira GSA, ba shugaban makarantar da ya isa ya hana, ko ya ce sai sun canza suna. Kafin wannan ma, a 2002, wani ɗalibi Marc Hall a garin Oshawa ya kai hukumar makarantun Katolika kotu saboda an hana shi zuwa bikin kammala karatu da saurayinsa, alƙali ya ba da umarni a bar shi ya je.

Wannan a takarda ke nan. A cikin gini kuwa, ya danganta da wanda yaro ya faɗa hannunsa. Hukumomin ma bakinsu bai zo ɗaya ba: ta Toronto ta amince da ɗaga tutar bakan gizo, alamar masu son jinsinsu, a 2021, ta York kuma ta ƙi a 2023 bayan an yi ta cacar baki a zaurenta. Ni dai tuta ba ita ce ma'aunina ba. Na san makarantar da ta ɗaga tuta amma yaro bai iya shiga ɗakin canza kaya lokacin wasanni sai ya jira kowa ya fita. Na kuma san wata tsohuwar malama, mai carbi a aljihu kullum, wadda take barin ƙofar ajinta a buɗe lokacin cin abincin rana. Akwai yaron da ya yi kusan shekara yana cin abincinsa a can, a kujerar ƙarshe kusa da taga, ba ta taɓa tambayarsa dalili ba. Yaron ya gama makaranta lafiya. Irin wannan mutum za ki nema wa naki, kuma yawanci ana samu: ko malamar ba da shawara, ko mai kula da harkar ibada, ko wani malami da shi yaron zai nuna miki da kansa.

Kan koyarwar Ikilisiya, ba zan ɓoye miki ba, ba ta canza ba. Littafin Katikisim ya ce jima'i tsakanin jinsi ɗaya bai halatta ba, yaron kuma zai ji wannan a ajin addini. Sai dai littafin nan, a sakin layi na 2358, ya ce dole a karɓi waɗannan mutane da girmamawa da tausayi, a guji duk wata alamar wariya ta rashin adalci a kansu. Ki riƙe lambar nan. Na ga yadda fuskar wani shugaban makaranta ta sauya da wata uwa ta karanta masa ita, bayan ya ce mata ai wasan yara ne. Duk wanda ya wulaƙanta yaro da sunan Katolika, ya saɓa wa littafinsa tun kafin ya saɓa wa gwamnati. Fafaroma Faransis ma a 2013 cewa ya yi, in mutum yana neman Ubangiji da kyakkyawar niyya, shi wane ne da zai yanke masa hukunci. Na san bishof-bishof ɗinmu na Afirka sun ƙi maganar sa wa masu zaman jinsi ɗaya albarka da ta fito daga fadar Fafaroma a ƙarshen 2023, amma wannan zancen manya ne masu zaman tare, ba shi da haɗi da yaron da ake zuba wa ruwa a jaka.

Abin da za ki yi: ku zauna da shi ku rubuta ranaku da abin da aka yi masa da inda aka yi. Ki aika wa shugaban makarantar a rubuce, ki nemi ganawa, kada ki tsaya a waya kawai. Ba sai kin faɗi sirrin yaron ba, cin zali kawai za ki kai ƙara. In sun yi shiru, ki wuce zuwa hukumar makarantun yankin. Tun da kin ce mahaifinsa bai sani ba, ki sanar da shugaban halin da ake ciki in yaron ya yarda, domin doka ta hana shi sanar da iyaye idan yana ganin hakan zai jawo wa ɗalibi cutarwa daga gare su.

Maganar mayar da shi gida kuwa, don Allah ki toshe kunnenki. Tun Janairun 2022 laifi ne a Kanada a sa mutum abin da ake kira gyaran sha'awa, laifi ne kuma a fitar da yaro ƙasar waje don a yi masa shi. A Najeriya dokar hana auren jinsi ta 2014 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 14, kin kuma san abin da unguwa za ta yi masa tun hukuma ba ta ji ba.

Canza makaranta yana nan a hannunki in abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, amma ki tambaye shi tukuna, wataƙila abokansa biyu ko uku da ke can su ne ke riƙe da shi. Ki lura da barcinsa da cin abincinsa. In ya fara rabar da kayansa ko yana cewa gara ba ya nan, kada ki jira gari ya waye, ki kai shi asibiti. Ki sa masa lambar Kids Help Phone, layin taimakon yara, a wayarsa, suna amsawa dare da rana kyauta. Ko me kika yi imani da shi a kan wannan al'amari, kada ki bari ya ji daga bakin wani cewa kin ba da labarinsa. In kina so in raka ki ganawar, ki yi min magana ta gefe.