Me ya sa almakashin Sheffield ke da tsada?

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin tsadar almakashin da ake ƙerawa da hannu a Sheffield ta Ingila. Masu yin sa ne suka yi ƙaranci. Wurin haɗa ɓari biyun nan wahalar take: maƙeri yakan ɗan lanƙwasa kowane ɓari da guduma, ya gwada a ƙyalle, ya sake bugawa, har ya riƙa yanka daga gindi zuwa tsini. Wannan kaɗai sai a yi shekara 5 ana koyo. Na inji kuwa ya cika kasuwa da arha, yara suka daina zuwa koyo. Ko kamfanin Ernest Wright mai ƙera almakashi a Sheffield, da aka kafa a 1902, ya durƙushe a 2018, wasu 'yan Holan biyu suka farfaɗo da shi. Abin na damuna, tsofaffin gwanayen suna ƙarewa.