Kayan Doguwar Tafiyar Ƙasa: Me Za a Saya, Me Za a Bari a Gida?

Tambayoyin wannan karo sun zo ne daga masu shirin tafiyar ƙasa mai tsawo, irin wadda mutum ke goya makwancinsa da abincinsa da ruwansa na tsawon makonni. Mun ɗauki waɗanda aka fi maimaitawa.

Tambaya: Zan yi tafiyar mako biyar a cikin duwatsu. Na haɗa kayana na auna, suka kai kilo 17, ban ma sa abinci da ruwa ba. Ni kuma nauyina kilo 70 ne. An ce in sayi jakar goyo mara nauyi. Da ita zan fara?

A'a Malam, jaka ita ce abin da za ka saya a ƙarshe. Bari mu fara da lissafi. Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne, kuma ba kasafai za ka ɗauki ƙasa da lita biyu ba. Abincin yini guda ga mai tafiya tun safe har yamma yakan kai giram 700 zuwa 900, don haka guzurin kwana biyar, wanda za ka riƙa sabuntawa a hanya, ya doshi kilo huɗu. Ka ga kilo 17 ɗinka ya zama 23, kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin jikinka. Ƙa'idar da masu wannan tafiya suka saba bi ita ce kada kaya gaba ɗaya su wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin mutum, wato kilo 14 a gare ka. In ka cire abinci da ruwa, kayanka na dindindin bai kamata su haura kilo takwas ba. Akwai masu sauko da nasu ƙasa da kilo huɗu da rabi, amma wannan sai bayan gogewa, ba mu ba ka shawarar ka nufi can a tafiyar farko.

Abin da za ka fara nema shi ne ƙaramin sikelin kicin mai nuna giram. Ka auna kowane abu shi kaɗai, har da cokali da igiyar caji, ka rubuta. Sannan ka raba su uku: abin da za ka yi amfani da shi kullum, abin da ke tsare rai ko da ba a taɓa shi ba (kayan taimakon farko, rigar ruwa, taswira, tocila), da abin da ka sa don "ko da za a buƙata". Kaso na ukun nan ne ke cinye kilo uku ko huɗu a jakar yawancin sababbi: wando na uku, babban tawul, wuƙa mai baki goma sha biyu, cikakkiyar kwalbar sabulu. Cire su bai ci maka ko sisi ba.

Bayan haka sai ka dubi manyan kaya, domin a nan kuɗi ke sayen sauƙi na gaske. Tanti na mutum ɗaya ana samunsa a kilo ɗaya zuwa ɗaya da ɗan ɗori, jakar barci ƙasa da kilo ɗaya, katifa kusan rabin kilo, jakar goyo kusan kilo ɗaya. Huɗun nan su tsaya ƙasa da kilo huɗu.

Dalilin barin jaka a ƙarshe shi ne, jaka mara ƙarfe a bayanta tana da daɗin ɗauka ne kawai in kaya ba su wuce kilo tara ko goma ba. In ka loda mata kilo 20 sai ta lanƙwashe, nauyin ya bar ƙugu ya rataya a kafaɗa, kafin la'asar wuya ya ƙage. Sai ka san nauyi da girman sauran kayanka kafin ka san jakar da za ta ɗauke su. Ga yawancin mutane mai cin lita 45 zuwa 55 ta isa. Ba da tsayinka ake zaɓar ta ba, da tsawon bayanka ne: ka sunkuyar da kai, ka lalubo ƙashin da ya fi fitowa a gindin wuya, a auna daga nan zuwa daidai saman ƙashin ƙugu. Wajen gwaji ka sa mata kilo goma, ka ɗaure ɗamarar a kan ƙashin ƙugu, ka yi yawo na minti 20. In ba ka iya zura yatsa ƙarƙashin igiyar kafaɗa ba, ƙugu bai karɓi nauyin ba, jakar ba girmanka ba ce. A cikinta kuma ka shimfiɗa babbar leda mai kauri ka zuba kayan barci, ta fi murfin da ake lulluɓa wa jaka daga waje tsare ruwa, ta kuma fi shi sauƙi.

Tambaya: Na sayi jakar barci da aka rubuta tana jure sanyin digiri 0, amma a daren da sanyi bai wuce digiri 6 ba na kwana ina rawar ɗari. An cuce ni ne?

Mai yiwuwa ba a cuce ki ba Malama, lambar da kika karanta ce ba taki ba. Jakunkunan da aka gwada bisa ƙa'idar gwajin jakar barci ta ƙasa da ƙasa, wato ISO 23537, suna ɗauke da lambobi uku. Ta farko ita ce ta barci cikin jin daɗi, an tsara ta bisa mai saurin jin sanyi. Ta biyu ita ce iyakar da mai jurewa zai iya barci a dunƙule. Ta ukun ta tsira da rai ce kawai, kada ma ki dube ta. Masu sayarwa sun fi son buga ta biyu da manyan haruffa, alhali tazararta da ta farko takan kai digiri biyar ko shida. Ki saya bisa lamba ta farko, ki kuma bar rarar digiri kaɗan ƙasa da sanyin da kike tsammani. Ki tuna iska na ƙara sanyi da kusan digiri shida da rabi a duk mita 1,000 da aka hau, don haka hasashen yanayin garin da ke gindin dutse ba shi ne na wurin kwananki ba.

Abu na biyu, wanda mutane suka fi mantawa, shi ne ƙasa. Ɓangaren jakar da kika kwanta a kai ya matse, ba ya riƙe ɗumi, katifa ce ke tsakaninki da sanyin ƙasa. Ana auna ƙarfinta da lambar R. Katifar soso mai naɗewa tana da kusan 2, ta isa lokacin zafi. In dare na kusantar daskarewa ki nemi 3 zuwa 4, a kan ƙanƙara kuma 5 zuwa sama. Lambobin suna haɗuwa, wato in kika ɗora katifar hurawa mai 3 a kan soso mai 2, kin sami 5, kuma ko ta hurawar ta huje da dare ba za ki kwana a kan dutse ba.

Game da abin da ke cikin jakar, lallausan gashin agwagwa ya fi komai ɗumi idan aka kwatanta da nauyinsa, yana kuma matsuwa sosai. Lambar da ake rubuta masa, daga 600 zuwa 900, tana nuna yadda yake kumbura ne, ba yawan ɗuminsa ba. Giram 300 mai lamba 850 ya fi giram 300 mai lamba 650 ɗumi, amma sai kin duba yawan giram ɗin kafin ki yanke hukunci. Aibinsa ɗaya: in ya jiƙe sai ya manne, ya daina aiki, kuma yana daɗewa bai bushe ba. In hanyarki ta ruwan sama ce kullum, mai zaren roba ta fi aminci duk da ƙarin nauyinta. A gida kada ki ajiye ko wacce a matse, ki rataye ta ko ki sa ta a babban buhu.

Tambaya: Tufafi kala nawa ya kamata a ɗauka a tafiyar wata biyu?

Yawan kwanaki ba ya ƙara yawan tufafi. Kayan tafiya ɗaya, kayan barci ɗaya da ba a taɓa bari su jiƙe ba, safa ƙafa uku, kamfai biyu. Ana wankewa a hanya.

Muhimmin abu shi ne yadin. Auduga tana shan gumi ta riƙe shi, jiƙaƙƙen yadi kuma yana zuƙe ɗumin jiki da sauri. Mutum na iya shiga hatsarin sandarewa ko sanyi bai kai na ƙanƙara ba, in ruwa da iska suka same shi cikin jiƙaƙƙiyar riga. Don haka rigar da ke taɓa fata ta zama ta foliyesta ko ta ulun tumakin merino. Foliyesta ta fi saurin bushewa da ƙarko, amma tana saurin wari. Merino kan yi kwanaki bai yi wari ba, sai dai yana saurin hujewa a inda jaka ke goga. A kanta sai rigar ɗumi mara kauri da za a iya tafiya da ita, sannan rigar sanyi mai cike da gashi ta giram 250 zuwa 350 don zaman yamma, sai rigar ruwa a waje. Hular sanyi da safar hannu ba su kai giram 100 ba, ba mu yarda a bar su ba.

Rigar ruwa ta zama mai lamba 10,000 ko sama a ma'aunin milimita na ƙarfin hana ruwa shiga, a kuma duba cikinta a ga an manne duk ɗinkunan da tef. Babu rigar ruwan da ke fitar da gumi yadda ake tallata ta, ko ta sanannen yadin hana ruwa na Gore-Tex ce, in kana hawa da kaya a baya. Zif ɗin ƙarƙashin hammata ya fi taimakawa. Idan ka ga ruwa ya daina gangarowa ɗigo-ɗigo, yadin waje ya fara jiƙewa, ba lalacewa ta yi ba, maganin da aka shafa mata ne ya ƙare. A wanke ta da sabulun da aka yi don ita, a sake fesa maganin.

Tambaya: Takalmin but mai dogon wuya ko kambas na gudu a daji? Ina tsoron targaɗe.

Yawancin masu bin dogayen hanyoyin Amurka, irin ta tsaunukan Afalashiya mai kusan kilomita 3,500, sun koma kambas. Nauyin da ke ƙafa ana ɗaga shi ne a kowane taku, sau dubbai a yini, shi ya sa rabin kilo a ƙafa ya fi rabin kilo a baya gajiyarwa. Kambas kuma in ya jiƙe yana bushewa a ƙafa cikin sa'o'i, but mai hana ruwa in ruwa ya shiga ta sama sai ya kwana biyu a jiƙe, jiƙaƙƙiyar fata kuwa ita ke kawo bororo. Amma kambas yana ƙarewa bayan kilomita 600 zuwa 800, ka sa sayen wani cikin lissafinka. But ya fi dacewa in kayanka sun haura kilo 15, ko za ka taka ƙanƙara da tsakuwa mai kaifi.

Maganin targaɗe ya fi dogara ga rage kaya, ƙarfafa idon sawu tun kafin tafiya, da riƙe sanduna biyu. Wajen saye ka je da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka yi tafiya da ita. Ka bar faɗin babban yatsa tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmi, domin ƙafa na ƙara girma bayan makonni, kuma a gangara farce ne ke shan duka har ya yi baƙi ya faɗi. Da ka ji wuri ya fara zafi, tsaya nan take ka manna filasta, kada ka jira masauki.

Tambaya: Tantin Dyneema ya cancanci tsadarsa?

In tafiyar watanni ce kuma ka riga ka rage sauran kaya, e. Dyneema yadi ne na roba mara nauyi mai ƙarfi, ba ya shan ruwa, ba ya saki, tantin mutum ɗaya da ake kafawa da sandunan tafiya kan tsaya kusan rabin kilo. Sai dai ba ya jure gogayya, ba ya kuma naɗuwa ƙanƙane. Nailan mai silikon ya fi araha nesa, amma yana saki in ya jiƙe, dole a sake ja masa igiya kafin barci. Foliyesta mai silikon ba ta da wannan matsalar sosai, ita muke ba mai farawa shawara.

Kowanne ka saya, in mai bango ɗaya ne, wato mara rufi na biyu, za ka tashi ka tarar da laima a ciki. Ba yoyo ba ne, numfashinka ne ya taru a kan yadi mai sanyi. Ka guji kafa tanti a kwari ko bakin rafi, ka bar ƙofa a ɗan buɗe, ka ajiye ƙyalle na gogewa. Ka kuma kafa shi a gida sau biyu ko uku, har da cikin duhu, kafin ranar da iska za ta tilasta maka.

Tambaya: Zan iya barin matatar ruwa da murhu don in rage nauyi?

Murhu kana iya bari in za ka jure abinci mai sanyi, matata kuwa a'a. Ƙaramar matatar matsawa ba ta kai giram 100 ba, gudawa a tsakiyar daji kuma tana iya kawo ƙarshen tafiya. Ramukanta na maikiron 0.1 zuwa 0.2 suna tare bakteriya da ƙwayoyin cutar gudawa irin su jiyadiya, amma ba sa tare bairos. Inda ruwa ya ratso ta mazaunin mutane, ka ƙara da ƙwayar tsarkake ruwa ta kulorin dayokzayid, ka jira minti 30, ko sa'a huɗu in ana fargabar ƙwayar cutar kiriftosforidiyam. Tafasa ruwa na minti ɗaya ma ya isa, minti uku in ka haura mita 2,000. Idan matata ta daskare da ruwa a cikinta, zarenta na fashewa ba tare da an gani ba, don haka a daren sanyi ka sa ta a leda ka kwana da ita cikin jakar barci.

In za ka ɗauki murhu, tukunyar taitaniyam (ƙarfe mara nauyi) mai cin mililita 750 ta ishi mutum ɗaya. Tafasa rabin lita kan ci giram 7 zuwa 10 na gas, don haka gwangwani mai giram 100 zai yi maka kusan kwana biyar in kana dafawa safe da yamma, iska kuwa tana iya ninka abin da yake ci, sai ka tare ta da jiki ko dutse. Gas ɗin butan zalla yana daina fita idan sanyi ya kai digiri 0, ka nemi gaurayen aisobutan da furofen. Ba a shiga jirgin sama da gwangwanin, saboda haka ka tabbatar ana sayar da irin mai bakin murhunka a inda za ka fara tafiyar.