Kallo ɗaya, ma'ana barkatai: amsa ga ƙanwata mai shirin zuwa Ingila

Assalamu alaikum ƙanwata. Saƙonki ya same ni ina hutun cin abinci a wurin aiki, na karanta ina dariya ni kaɗai. Kin ce kina shirin jarrabawar Turanci ta IELTS, kin ci karo da kalmar glance sau uku a mako ɗaya: a littafin gwaji, a labarin ƙwallo, da kuma wani tsohon littafin ilimin duwatsu na Yaya, kuma kowane wuri da abin da take nufi. Har kika tambaya ko kalmomi ne suka ƙare wa Turawa. Ba su ƙare ba, sun ma yi musu yawa.

Wadda za ki fi ji kullum ita ce ta ɗan kallo, ki kai ido ki ɗauke. Mutum yana hira da ke ya saci kallon agogo, shi ke nan ya yi glance. Da niyya ake yin ta. A nan ta rabu da 'yar'uwarta glimpse, wadda ɗalibanmu ke yawan haɗa su. Ita glimpse abu ne ya gilma, kika hango shi kafin ya ɓace, kamar motar amarya ta wulga kika ga gefen mayafinta. A ta farko ke kika gajarta kallon, a ta biyu abin ne bai tsaya miki ba.

Ga wani abu da zai amfane ki a zauren jarrabawa. Sashen karatu minti 60 ne, tambaya 40, dogayen rubutu uku, ba ki da lokacin bin kowane layi. Idan kika ga marubuci ya ce at first glance, wato a kallon farko, to ki san zai juya. Abin da ya biyo baya ba ra'ayinsa ba ne, shimfiɗa ce yake yi don ya naɗe ta. Ra'ayin nasa yana gaba, bayan but ko however. Masu tsara tambayoyi sun san ɗalibi mai gaggawa zai cafke jimlar farko. Shi kuwa at a glance yana nufin kallo ɗaya ya wadatar, shi ya sa ake rubuta shi a saman jadawali ko taƙaitaccen bayani.

Ta labarin ƙwallo kuma babu ruwanta da ido. Idan aka ce ƙwallo ta glance off turken raga, ana nufin ta shafi gefensa ta karkace ta wuce, ba ta dake shi gaba da gaba ba. Haka dutse, haka harsashi. Maigidana idan yana kallon Firimiya za ki ji mai sharhi yana ihun glancing header, wato ɗan wasa ya ɗan goga wa ƙwallo gefen goshi ya sauya mata hanya. Wannan ma'anar ta shafa-ka-wuce ta ma riga ta kallo tsufa a harshen. Da na gane haka sai na daina haddace su daban-daban, tunda ido ma abin da yake yi ke nan.

Ta littafin Yaya ce ta fi burge ni. A tsohon Turancin masu haƙar ma'adinai, glance suna ne na wasu duwatsu masu walƙiya, daga kalmar Jamusanci Glanz mai nufin ƙyalli. Wanda suke kira lead glance, ko galena, kin san shi tun kina goye: dutsen tozali ne, wanda Inna ke niƙawa ta zuba a tandu. Mu ma ai muna da ƙyalli muna da ƙyalla ido. Tunda zancen ya kawo mu nan, dutsen nan dalma ce a cikinsa, kuma ma'aikatan lafiya a nan suna gargaɗi sosai a kan sa wa jarirai shi. Wannan ma'anar ba za ki ji ta a titi ba.

Abin da za ki ji a titi daban ne. Peek da peep su ne leƙe. A nan Coventry inda nake, a dandalin Broadgate, akwai agogon da duk awa mutum-mutumin Lady Godiva yake fitowa a kan doki, wani kuma ya leƙo ta tagar sama ya rufe ido. Almarar ta ce matar nan, wadda ta rayu a ƙarni na 11, ta zaga gari babu sutura don mijinta ya sassauta wa talakawa haraji, kowa ya kulle ƙofa ban da wani Tom da ya leƙa, ya makance. Har yau mai leƙen asirin mata Peeping Tom ake ce masa, don haka ki kula da inda kike jefa peep. Wani dattijo da muke aiki tare kuma ya taɓa ce min in ba shi ya yi butcher's, na tsaya ina tunanin me ya haɗa ni da mahauci. Ashe salon 'yan gabashin Landan ne, butcher's hook, wato ƙugiyar mahauci, don ƙarshenta ya yi amo ɗaya da look, wato kallo. Wasu tsofaffin suna cewa shufti, wadda sojojinsu suka kwaso daga Larabci. Wannan kam kunnen 'yar Islamiyya ba zai sha wahala ba.

To amma duk wannan ƙamus zai ba ki. Abin da ba zai ba ki ba shi ne wane ne ya faɗa, kuma me yake so. Idan malamar da ke duba aikinki ta ce ki ɗan yi glance a kan wata maƙala kafin Litinin, karanta ta tas, har da alƙalami a hannu. Kara ce irin tasu, ba sa son umarni ya fito tsirara. Ranar Litinin za ta tambaye ki abin da ke shafi na tara.

Idan kuwa dillalin gidaje ne ya faɗa, to ki ƙara zama. Ɗakina na farko, matashin ya miƙo min takardar lissafin kayan ɗaki da halin da suke ciki, mukulli na kaɗawa a ɗaya hannun, ya ce in ɗan duba kawai in sa hannu. Ina jin sanyi, ga akwati biyu a bakin ƙofa, na sa. A takardar an rubuta kafet ba shi da tabo. A bayan ƙofa kuwa akwai ƙunar dutsen guga, shatinta raɗau, wadda na tarar. Ranar tashi daga kuɗin ajiyata aka cire. Tun 2019 doka a Ingila ta taƙaita kuɗin ajiya ga hayar mako biyar a irin gidajen da muke kamawa, kuma dole mai gida ya sa su a asusun kariya cikin kwana 30, amma doka ba za ta goge sa hannunki ba. Ki ɗauki hoton kowane lungu ranar da kika shiga.

Sai idon kansa. An tarbiyyantar da mu idan babba na magana mu sunkuyar da kai, mu ɗan ɗago mu mayar. Wata uku da fara aiki shugabata ta ja ni gefe ta tambaya ko akwai abin da nake ɓoye mata, don ba na kallonta in tana magana. Ni ina ganin ladabi nake yi. A bas kuma akasin haka ne: ki kai ido ki ɗauke, kallon ƙurilla rashin ɗa'a ne, ko da mutum ya rina gashinsa kore. Har yanzu idan dattijo ne a gabana sai na tuna wa kaina in ɗago.

Ki gaida Inna da kyau. In Allah Ya sa biza ta fito, kuka da kuɓewa busasshiya nake so. Kar ki bari kowa ya cusa miki kilishi, ba a shigowa da nama daga gida, kuma jami'in filin jirgi idan ya ce zai yi quick look a akwatinki, har zanin ƙasa sai ya ɗaga.